Yadda ake gyara zaren bolti da ya cinye a ƙafar bayan tsohuwar mota

Kana cikin ɗaure bolti, sifana tana ƙara nauyi a hannunka kamar yadda aka saba, sai kwatsam ka ji ta yi sakwab. Boltin yana juyawa, amma ya daina kamawa. Ka kwance shi ka ciro, sai ga wasu siraran zobba na ƙarfe sun nannaɗe a jikinsa kamar gashi. Waɗannan zobban su ne zaren ramin, wanda makanikai ke kira tiredi, sun rabu da jikin ƙarfen sun biyo boltin waje.

Da a murfin inji ne ko a mariƙin lamba, da sai a ce a lallaɓa. Amma ƙafar baya ita ke riƙe da taya a kan hanyarta, ita ke shan duk wani rami da kwana da taka birki. Saboda haka tun yanzu ka cire wasu dabaru daga ranka. Kada ka naɗa waya ko zaren roba a jikin boltin. Kada ka cika ramin da gam ɗin ƙarfe. Kada ka nemo bolti mai ɗan kauri ka danna shi da ƙarfin tsiya don ya yanka wa kansa hanya. Haka nan notin nan da ake matsewa kamar ribiti a jikin falle, na riƙe ƙananan kaya ne, ba shi da hurumi a ƙafar mota. Duk waɗannan suna kamawa a gareji, su saki a kan titi.

Gyaran gaskiya ba shi da wuya sosai. Abu biyu ne ke yanke hukunci a kansa: ka san irin ƙarfen da ke bayan ramin kafin ka taɓa shi, sannan ka huda a miƙe. Sauran duk haƙuri ne.

Ɗaga motar, ka sauke nauyin da ke kan ƙafar

Ka ajiye motar a wuri mai ƙwari kuma shimfiɗaɗɗe, ka sa weji gaba da bayan tayoyin gaba, domin birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, kuma su za ka ɗaga. Ka sassauta notocin taya tun motar tana ƙasa. Bayan ka ɗaga, ka ɗora ta a kan matokaran ƙarfe guda biyu a wuri mai ƙarfi na shasi. A tsohuwar mota ka fara ƙwanƙwasa wurin da guduma, don tsatsa kan cinye ciki ta bar fenti a waje. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa shi kaɗai.

Daga nan sai ka mai da jak ɗin ƙarƙashin hannun ƙafar ko aksul, ka ɗan tallafe shi. A motoci da yawa shokozoba ce ke hana ƙafar faɗuwa ƙasa gaba ɗaya, kamar a Mercedes W123, kuma idan ka kwance ta ba tare da tallafi ba, sifirin zai tura hannun ƙasa da ƙarfi, yana iya fincike tiyon birki ko ya fito ya same ka. Volkswagen Beetle kuma sandar murɗi gare ta a baya, farantin da ke haɗe da sandar yana ɗauke da matsi ko da taya tana lilo a sama, don haka ba a cire murfinsa gaba gaɗi.

Kafin ka raba komai, ka ɗauki hoto. Idan akwai siraran faranti na saiti tsakanin mariƙin hannu da shasi, ka ƙirga su, ka ɗaure na kowane gefe daban. Su ne ke saita tsayuwar taya, kuma idan suka cakuɗe motar za ta riƙa cin taya ta gefe ɗaya.

Duba abin da ya lalace

Ka wanke wurin da burushin waya da man wanke birki, ka haska tocila. Abin farko: namijin ne ya cinye ko macen? Idan zaren boltin ne ya lalace, na ramin yana nan lafiya, ka yi sa'a. Ka jefar da boltin ka sa sabo. Haka duk boltin nan masu lanƙwasa da ke ɗaure aksul a kan sifirin mai falle-falle, canza su ake yi, ba a gyara su.

Idan macen ce, ka duba iya inda ɓarnar ta tsaya. Wani lokaci zare biyu ko uku na baki ne kawai suka murɗe saboda an sa bolti a karkace, na ciki suna nan daram. Wannan ba ya buƙatar huda. Akwai abin share zare da ake yi musamman don haka, yana miƙe zaren ne ba tare da ya yanke nama ba. Idan ba ka da shi, ka sami bolti mai ƙarfi mai irin zaren, ka yanka masa tsagi biyu ko uku a tsaye da zarto, ka shafa mai, ka shigar da shi a hankali. In ramin ya huda ta baya, ka shigo ta can, inda zaren yake da lafiya, ya jagorance ka zuwa bakin. Bayan haka ka gwada ɗaurewa zuwa cikakken awo, wato ƙarfin ɗaurin da littafin motar ya bayar. Idan ya riƙe, shi ke nan. Idan ka ji alamar laushi kafin ya kai, to zaren ya tafi.

Yanzu ga tambayar da mutane suka fi tsallakewa: mene ne a bayan ramin? Yawanci ɗaya ne daga cikin uku. Ko dai ramin yana cikin dunƙulen ƙarfe mai kauri ko ƙarfen zubi, ko yana cikin alminiyum, ko kuwa noti ne aka yi wa walda a ɓoye cikin akwatin shasi, falle kawai kake gani a waje. Maganaɗisu zai gaya maka ko alminiyum ne, don ba ya kama shi. Ka lanƙwasa bakin waya ka zura ciki ka laluba, za ka gane zurfin ramin, ka gane ko yana da gindi ko a buɗe yake, ka kuma ji kaurin notin idan noti ne.

Ka duba kewayen ramin da kyau ko akwai tsaga, musamman a alminiyum. Hannun ƙafar da ya tsage ba na gyaran zare ba ne, canza shi za ka yi. Haka idan tsatsa ta cinye fallen da ke riƙe da notin, sai an fara gyara fallen.

Ka kuma tambayi kanka abin da ya sa zaren ya cinye, don kada sabon ya bi sahunsa. Mafi yawa wani ne ya ɗaure da bindigar iska ko ya ƙara bututu a kan sifana. Amma akwai bolti gajere da zare uku ko huɗu kaɗai yake kamawa, akwai mai tsawon da ya tokare gindin rami yana ta juyawa, akwai kuma wanda tun farko ba irin zaren ramin ba ne.

Gano ainihin zaren

A tsofaffin motoci nan ne ake yawan yin kuskure, domin ba zare iri ɗaya duniya ta yi amfani da shi ba. Motocin Jamus, Faransa, Italiya da Japan awon milimita ne. Tsofaffin na Amurka awon inci ne, UNF mai ƙananan haƙora da UNC mai manya. Ingila kuwa ta daɗe a kan zaren Whitworth, wanda Joseph Whitworth ya gabatar a 1841, da ɗan'uwansa BSF. Bayan yarjejeniyar da Ingila da Amurka da Kanada suka yi a ƙarshen shekarun 1940, motocinta suka koma UNF da UNC sannu a hankali, daga baya kuma suka koma milimita. Saboda haka a motar Ingila ta tsakanin waɗannan shekaru kana iya samun iri biyu a jiki guda. Kusurwar haƙorin Whitworth digiri 55 ce, ta UNF da ta milimita digiri 60, ko da adadin haƙora ya zo ɗaya ba sa zama daidai.

Wasu suna kama da juna har su ruɗe ka. Bolti M12×1.25, wato mai kaurin milimita 12 da tazarar zare milimita 1.25, zai shiga ramin rabin inci mai haƙora 20 a kowane inci, ya juya kamar nasa ne, alhali ya gaza kauri da milimita 0.7, bakin haƙoran kawai yake taɓawa. Haka M8 da 5/16 na inci, haka M10×1.0 da 3/8 mai haƙora 24. Ko a cikin milimitar ma, M10 na motar Japan yawanci 1.25 ne tazarar zarensa, na Turai kuwa 1.5 ya fi yawa.

Kada ka dogara da boltin da ya fito daga ramin, wataƙila shi ne mai laifin. Ka kwance takwaransa na ɗaya gefen motar, ka auna kaurinsa da ma'auni, ka auna tazarar zaren da ɗan awon nan mai haƙora kamar mataji, sannan ka gwada da abin da littafin motar ya faɗa. Lambar da ke jikin sifana ba hujja ba ce, girman kai kawai take nunawa.

Zaɓen hanyar gyara

Idan akwai isasshen nama a kewayen ramin, hanyar da na fi so ita ce a faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sabon zare, a saka zobe wanda zai mai da ramin girmansa na asali. Ta haka boltin asali zai koma, awon ɗaurin littafi ya ci gaba da aiki, wanda zai buɗe wurin bayan shekara goma ba zai ci karo da abin mamaki ba.

Zobban iri biyu ne. Akwai na waya da aka nannaɗe kamar sifirin, wanda aka fi sani da Helicoil. Shi ya fi cin nama kaɗan, don haka shi ya dace da wurin da bangon ramin ba shi da kauri. Wasu suna raina shi saboda sun ga waya ce, amma a injin jirgin sama aka fara amfani da shi, kuma a alminiyum yakan fi zaren asali ƙarfi, domin nauyin yana sauka ne a kan zare mai faɗi fiye da na da. Akwai kuma na dunƙulen ƙarfe mai zare ciki da waje, irin su Time-Sert da Keensert. Waɗannan sun fi jure kwancewa da ɗaurewa akai-akai, shi ya sa na fi son su a wurin da ake yawan buɗewa kamar mazaunin shokozoba. Sai dai Keensert yana buƙatar rami mai faɗi sosai, ka auna naman da zai rage kafin ka saya.

Tsawon zoben ma abin lura ne. A ƙarfe, zare mai tsawon kaurin boltin ya isa. A ƙarfen zubi ka nemi ninki ɗaya da rabi. A alminiyum ka nemi ninki biyu idan zurfin ramin ya ba da dama.

Misalin da ya fi shahara a wannan fage shi ne Triumph TR4A zuwa TR6, waɗanda aka ƙera tsakanin 1965 da 1976. Hannun ƙafarsu ta baya zubin alminiyum ne, kuma sitod shida (bolti marasa kai, masu zare ta kowane ƙarshe) masu kaurin 5/16 na inci da ƙananan haƙora su ke riƙe da gidan boris da farantin birki. Ƙananan haƙora ba su da riƙo mai kyau a alminiyum, awon ɗaurinsu bai wuce 16 lb-ft ba (awon ƙarfin ɗauri na tsarin inci), hannu ɗaya mai nauyi ya isa ya tsige su. A irin wannan wuri, idan ɗaya ya cinye, ka duba sauran biyar ɗin, don hannun da ya ɓata wannan shi ya ɗaure su.

Akwai masu faɗaɗa ramin su sa bolti na gaba da shi a girma. Yana yiwuwa, amma sau da yawa sabon boltin ba ya ratsa bututun da ke cikin bushi, wato robar da ke mahaɗar hannun ƙafar, sai a koma huda bushin, gyara ɗaya ya haifi uku. Idan kuwa hannunka yana kaiwa bayan ramin, kuma akwai shimfiɗaɗɗen wurin da noti zai zauna, to bolti mai ɗan tsawo da washa mai kauri da noti mai kulle kansa gyara ne ingantacce. Sharaɗinsa ɗaya: idan boltin zai ratsa akwatin shasi mai bango biyu, dole a sa bututun ƙarfe a tsakani, in ba haka ba ɗaurin zai lotsa akwatin, boltin ya saki.

Huda

Ka sayi cikakken saiti na girman zarenka. A ciki za ka sami bakin diril, da taf na yanka zare, da abin shigar da zobe. Taf ɗin na musamman ne, ya fi na yau da kullum kauri duk da tazarar zarensu ɗaya ce, saboda haka taf ɗin M10 da ke akwatinka ba zai yi ba. Don zoben waya, bakin diril na M8×1.25 milimita 8.3 ne, na M10×1.5 milimita 10.4, na 5/16 mai haƙora 24 shi ne 21/64 na inci, na 3/8 mai haƙora 24 shi ne 25/64, na 7/16 mai haƙora 20 shi ne 29/64. Takardar da ke cikin saitinka ita ce gaba da wannan lissafi.

Idan abin da ramin ke jikinsa yana cirewa, ka cire shi ka kai kan teburin aiki. Na san wahala ce, za ka kwance birki da shaf da sauransu, amma rabin yini na kwance-kwance ya fi ramin da aka huda a kwance a ƙasa, hannu ɗaya a sama, ido cike da ƙasa. Ramin da ya karkace ko da kaɗan ne yakan sa kan boltin ya zauna ta gefe ɗaya. Duk lokacin da motar ta faɗa rami, boltin yana ɗan lanƙwasa a wuyansa, har ranar da zai karye. Kuma ramin da aka riga aka faɗaɗa a karkace, nama ya riga ya tafi.

Idan dole a jikin mota za a yi, ka haɗa jagora. Ka sami dunƙulen ƙarfe ko alminiyum ko katako mai tauri mai kaurin kamar santimita uku zuwa huɗu, a huda shi a miƙe a kan injin huda na tsaye da bakin diril ɗin da za ka yi aiki da shi, a huda rami na biyu daidai kaurin taf. Ka manna shi a kan fuskar da kan boltin zai zauna, ka ɗaure shi da kilam ko da boltin da ke maƙwabtaka. Idan ramukan da yawa ne a jere kamar na Triumph ɗin can, ka yi jagorar da za ta hau kan sauran sitod ɗin, ita za ta tabbatar da cewa ramin bai goce daga tsakiya ba. Idan babu halin jagora ko kaɗan, ka sa bolti mai tsawo a ramin da ke kusa ya zama abin kwatance, ka ajiye sukwaya, ka sa mutum na biyu ya tsaya a gefe yana duba maka. Kai kana ganin karkata ta fuska ɗaya ce kawai, shi yake ganin ɗayar.

Ka auna zurfin ramin, ka naɗa salatif a jikin bakin diril daidai wurin. Ka san abin da ke bayan ramin ma: tankin mai da bututun birki da wayoyi sukan taru a bayan mota. Ka sa gilashin kare ido.

Naman da za ka cire kaɗan ne, ragowar tsohon zare ne kawai, kuma wannan ne ke sa diril ya cafke ya ja kansa ciki da sauri. Ka yi a gudu mafi ƙanƙanta, ka riƙe da hannu biyu, kada ka danna. A alminiyum ni ba na ma sa inji. Nakan ɗaure bakin diril ɗin a mariƙin taf in juya da hannu, yana cin naman cikin sauƙi kuma ina jin duk abin da yake yi. Da ka kai alamar salatif ka tsaya. Ka ɗan share bakin ramin da babban bakin diril da hannu, juyi ɗaya ko biyu, don taf ya sami mashiga. Sannan ka fitar da ɓarɓashin da iska.

Yanka sabon zare

A ƙarfe ka yi amfani da man yanka zare. A alminiyum kananzir ya wadatar. Ƙarfen zubi a bushe ake yanka shi. Idan ramin yana buɗewa cikin wurin da ba ka son ɓarɓashi ya shiga, ka cika tsagin taf da giris ya kama su.

Ka zura taf ta cikin jagorar, ka juya da mariƙi mai hannu biyu. Sifana tana ja ta gefe ɗaya, ita ce ke karkatar da taf. Juyi uku na farko su ne komai. Bayan su ka tsaya ka duba ta fuska biyu, idan ya kauce yanzu ne za ka iya gyarawa. Daga nan rabin juyi gaba, kwata baya, za ka ji ɗan ƙas lokacin da ɓarɓashin ya karye. Bayan kowane juyi uku ko huɗu ka fito da shi gaba ɗaya ka share. Idan ya yi tauri, kada ka ƙara ƙarfi, ka koma baya. Taf yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma ciro karyayyen taf daga rami ya ninka aikin da ka fara wuya.

A rami mai gindi ka tuna cewa haƙoran farko na taf ba cikakku ba ne, don haka zaren da ke can ƙasa bai kammala ba. Ka tabbata cikakken zaren ya fi tsawon zoben. Ka wanke ramin da man wanke birki, ka busa iska, ka bar shi ya bushe. Mai ko ruwa da ya taru a gindin rami ba ya matsuwa, idan bolti ya danne shi yana iya tsaga zubin.

Saka zoben

Zoben waya yana da ɗan harshe da ya gitta a ƙarshensa ɗaya. Wannan ƙarshen ne ke fara shiga. Ka ɗora shi a kan abin shigarwa, harshen ya zauna a tsaginsa, ka juya a hankali kana ɗan taɓa shi kawai. Zoben ya fi ramin faɗi kaɗan, yana tsukewa ne yayin da yake shiga. Idan ka danna, zai tsallake zare ɗaya, bolti kuma ba zai shiga ba. In hakan ta faru, ka kama bakin wayar da filaya mai tsini ka warware ta waje, ka sa sabo, kada ka sake amfani da wanda ya fito. Ka shigar da shi har bakinsa ya nutse kamar rabin juyi ƙasa da fuskar ƙarfen. Kada ka juya baya da abin shigarwar don gyara zama, harshen zai karye tun bai gama aikinsa ba.

Ka zare abin shigarwar, ka ɗora tsinken ƙarfe mai shimfiɗaɗɗen baki a kan harshen, ka buga sau ɗaya da kaifi. Zai karye a wurin da aka yi masa tsagi. Ka tabbata ka ga gutsuren da idonka a waje. Maganaɗisu ba kullum yake kama shi ba, tsinke mai giris a baki ya fi.

Time-Sert yana da mataki ɗaya ƙari. Bayan huda, akwai abin da ke yanka ɗan mazauni a bakin ramin don leɓen zoben ya nutse, sannan a yi zare. Ka shafa mai a abin shigarwa, ka juya. Idan leɓen ya zauna za ka ji ya yi tauri, ka ci gaba, domin a lokacin ne yake buɗa zaren ƙasa yana kulle zoben a jikin ramin. Da ka ji ya sake yin sauƙi, ya gama. Keensert kuwa 'yan ƙusoshi gare shi a baki da ake bugawa ciki bayan ya zauna.

Ka gwada sabon bolti da yatsu. Ya kamata ya shiga har ƙarshe ba tare da sifana ba, kansa kuma ya kwanta daidai ta kowane gefe.

Idan noti ne a ɓoye cikin shasi

Idan notin yana nan manne da waldarsa kuma yana da kauri, zoben waya yana iya zama a cikinsa. Ka huda a hankali ƙwarai, don idan diril ya cafke yana iya fizge waldar. Ka zaɓi zoben da bai fi notin tsawo ba, waya da ta leƙo ta baya ba ta riƙe komai.

Idan kuwa notin ya riga ya ɓalle yana juyawa tare da bolti, babu zoben da zai taimaka. Sai a yanka 'yar taga a gefen akwatin, ko ta saman daɓen mota idan ta nan ya fi kusa, a ciro tsohon, a yi wa sabon noti walda a kan faranti mai kauri, a zura shi, a ɗaure shi da bolti don ya tsaya a mazauninsa, a yi walda, sannan a rufe tagar da falle mai kaurin na asali. Ka shafa man hana kamewa a boltin da za ka riƙe notin da shi don tartsatsi kada ya manne a zaren. Kafin walda ka cire batir, ka kankare baƙin kwaltar da ke ƙarƙashin bodi, ka ɗaga kafet da kujerar baya, ka sauke tankin mai idan yana kusa, ka ajiye abin kashe gobara da mutumin da zai riƙa duba cikin motar. Kada ka yi walda a wurin da ka wanke da man wanke birki mai sinadarin kilorin, zafi yana mai da shi iska mai guba. Idan waldarka ba ta kai ta riƙe ƙafar mota ba, wannan ɓangaren ka ba gwani. Bayan an gama a fesa maganin tsatsa cikin akwatin, don zafin ya ƙone kariyar da ke ciki.

Ɗaurewa

Ka sa sabon bolti mai ƙarfin na asali. A milimita za ka ga 8.8 ko 10.9 a kansa. A inci layuka uku a kai suna nufin daraja ta 5, shida daraja ta 8. Wanda ba shi da wata alama ka ajiye shi. Boltin ƙarfen da ba ya tsatsa yana da kyan gani, amma wanda aka fi samu, mai alamar A2-70, bai kai 8.8 ƙarfi ba, kuma yana son kamewa cikin zoben waya tunda ƙarfensu iri ɗaya ne. Ka kwatanta tsawon sashen da ba shi da zare da na asali, domin wannan sumul ɗin sashen ne ya kamata ya zauna cikin bushi.

Ka ɗaure da sifanar awo, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai inda aka saita ta, zuwa adadin da littafin motar ya bayar. Don ka sami abin kwatance, bolti 8.8 a bushe yakan ɗauki kusan 25 Nm (awon ƙarfin ɗauri na tsarin milimita) idan M8 ne, kusan 50 idan M10 ne, 80 da 'yan kai idan M12 ne, amma wurin da boltin yake shi ke yanke adadin, kamar yadda ka gani a sitod ɗin alminiyum. Zare mai mai ko man hana kamewa yana matsewa fiye da busasshe a kan awo ɗaya, don haka idan littafin busasshe yake nufi kai kuma ka shafa, ka rage kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ka kai awon a mataki biyu ko uku. Idan sifanar ta yi ƙas ba tare da ka ji laushi ba, zaren ya riƙe.

Duk boltin da ya ratsa bushin roba, kada ka yi masa ɗaurin ƙarshe ƙafa tana lilo. Ka ɗan kama shi, ka sa taya, ka sauke motar, ka girgiza ta, ka tura ta gaba da baya kaɗan ta zauna, sannan ka ɗaure nauyinta yana kan tayoyinta. Idan babu wurin shiga, ka ɗaga hannun ƙafar da jak har ya kai tsayin da yake zama a kan hanya. Bushin da aka ɗaure a rataye yana zama a murɗe tun motar tana tsaye, ba ya daɗewa yake yagewa.

Ka ja layin fenti daga kan boltin zuwa jikin ƙarfen. Ka yi 'yar tafiya a hankali kana saurare, ka dawo ka duba. Bayan kamar kilomita 100 ka sake shiga ƙarƙashi da tocila da sifanar awo. Idan layin ya rabu, ko boltin ya ƙara juyawa kafin sifanar ta yi ƙas, ka kwance ka duba ko zoben ya taso, ko bakin ramin ya tsage, ko fenti da tsatsar da ke tsakanin ƙarafan ne suka murƙushe suka bar rata. Idan na ƙarshen ne, ka kankare fuskokin biyu har ƙarfe ya fito fes, ka ɗaure, ka ja sabon layi.